Kwanon Ƙarƙashin Gado

Yaya, babbar 'yar gidan, ta janyo kwanon daga ƙarƙashin gadon Mama, ta damƙo soyayyiyar gyada, ta zuba wa ɗanta a hannu.

"Cinye maza. Kai ma jika ne, ba tsinto ka aka yi ba."

Ta daɗe tana lura. Duk ranar da Mama ta tsince gyada, sai ta ware wata, ta soya daban, ta ɓoye. Wa za a ɓoye wa, in ba 'ya'yan Auta ba, 'yan gaban goshi? Shi ya sa Yaya take ɗiba kullum.

Kwatsam idon yaron ya yi rawaya, ciki ya kumbura. Likita ya ce gubar fumfuna ce ta taɓa hanta. Ya tambaya, me yaron yake ci?

Yaya ta harari Mama. "Gyadar da kike ɓoye wa 'ya'yan Auta!"

Mama ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Mai fumfunar ce nake warewa. Mai kyau nake ba ku duka, wannan ni nake ci, kada a yi asara."

Sai lokacin Yaya ta dubi idon uwarta da kyau. Shi ma ya yi rawaya.