Kwana Arba'in Babu Injin Kumfa

Kifi na farko ya mutu ranar Litinin, saura kwana uku babban jami'i ya iso daga Kano. Abdulwahid ya tarar da shi rigingine a saman ruwa, ɗan rawaya mai ratsin fari, ko tsawon yatsa bai kai ba. Ya tsame shi, ya dubi sauran. Saura shida.

Abdulwahid ma'aikacin sashen kifi ne a Haɗeja, kuma duk garin shi kaɗai ya ajiye teku a falonsa. Akwatin gilashi ne ɗan madaidaici, da kifayen teku bakwai da dutsen murjani mai rai. Ruwan gishirin ma daga Ikko aka auno shi a durom, jirgin ƙasa ya sauke a Malam Madori. Masunta kan leƙo kallo, su tambaya ko waɗannan ma suna shiga miya.

Akwatin ya zo da injin kumfa, wani bututu mai busa iska cikin ruwan har ya yi kumfa, kumfar ta kwaso datti ta zube a ɗan kofi. Buba, abokin aikinsa, ya ce in babu injin nan kifayen ba za su yi mako ba. Abdulwahid, wanda a duniya ba abin da ya tsana kamar a ce bai sani ba, ya ce ƙaramin akwati ba ya bukatarsa.

Gardama ta kai kunnen babban jami'i, shi kuwa yana da gurbin karatu guda ɗaya tak a Ingila. Ya ce a cire injin kwana arba'in. In ya zo ya tarar da biyar da rai, gurbin na Abdulwahid ne. In ba haka ba, Buba ne zai haɗa kayan tafiya Ingila.

Aka kulle injin a kabad ɗin ofis. A gida Abdulwahid ya kafa doka: ko matarsa Zaituna, ko mahaifiyarsa Iya, kada wadda ta kuskura ta taɓa gilashin nan. Kwana talatin da huɗu ruwan na nan garai-garai, shi kuma bakinsa har kunne. Ruwan dai yana raguwa fiye da yadda littafi ya ce, ya ɗora laifin a kan zafin gari. Yakuwar da Zaituna ta shuka a ƙofar baya ta bushe ana tsakiyar damina, wannan kuwa ko a jikinsa.

Da baƙo ya kusa zuwa sai ya shiga gyara. Ya shafe falo da farar ƙasa, ya aro kujeru, sannan ya dubi Iya. A ruga ta girma, da ƙwaryar nono a ka ta raine shi, har yanzu zanenta ƙamshin man shanu yake, ba ta zama sai a ƙasa, ga ta kullum da kukan ciwon kafaɗa. Kunyarta ya ji, abin takaici ke nan. Ranar Juma'a ya ɗora ta a motar Bakari direba zuwa Birniwa wurin ƙanwarta, wai ta je ta huta. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ya dubi agogo, sai ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Washegari kogi ya yi ambaliya ya cinye hanyar.

Ranar Talata kifi na biyu ya mutu. Ruwan ya yi ja-ja, wata yanar datti ta kwanta a samansa, falon ya ɗauki warin fadama. Ya garzaya wurin durom don ya sake ruwa, ya tarar ko rabin bokiti babu, duk ya ƙare wajen cike wanda ke raguwa.

Biyar suka rage, babu rarar ko ɗaya. Zuciyarsa ta ce masa wannan ba banza ba, da hannun mutum a ciki. Ya shiga ofis ya ci kwalar Buba a gaban kowa.

"Me ka zuba musu?"

"Wallahi rabona da gidanka tun salla," in ji Buba. "Cika min riga."

Ranar Laraba bai je aiki ba. Ya kulle falo, ya ja kujera gaban gilashin, ya hana Zaituna ko leƙowa. Ba wanda ya shigo, amma yanar sai ƙara kauri take. Kifayen suka taru a sama suna buɗe baki.

Ranar Alhamis da hantsi huɗu na iyo da ƙyar, na biyar ya kwanta gefe guda a kan dutsen, mashaƙarsa na motsi kaɗan-kaɗan. Abdulwahid ya durƙusa yana addu'a, gumi ya jiƙe masa sabuwar riga. Ya ji tsayuwar mota. Ya ji sallama. Kafin baƙon ya gama cire takalmi, motsin ya tsaya.

Babban jami'i ya sunkuya ya duba, ya miƙe, ya ba Buba, wanda ya rako shi, hannu. Ko ruwa bai sha ba ya fita.

Ƙurar motarsa ba ta lafa ba sai ga Bakari, wando a naɗe, taɓo har gwiwa. Ya ce tun Asabar yake ɗauke da saƙo, ruwa ya tsare shi.

"Iya ta ce ka yafe mata, ta karya maka doka. Ta ce injin nan naka ai burgawa kawai yake, shi ya sa tun ran da ka cire shi, kullum in ka tafi ofis take burga ruwan da maburgi kamar nono, ta yaɗe kumfar da ludayi ta zubar a ƙofar baya. Ta ce don Allah kada a tsallake ko kwana ɗaya."