Damisar Lungun Masu Turare

Zif ɗin rigar ya sake maƙalewa a daidai tumbi. Tofazzal ya ja numfashi, ya matse cikinsa, ya fizge shi sama. Ya saka abin rufe fuska mai zanen damisa, ya ɗora tabarau a kai, don in babu shi ko turken fitilar titi sai ya yi wa sallama.

Da rana mai buga hatimi ne a gidan waya, shekararsa arba'in da uku, bai yi aure ba, yana zaune da mahaifiyarsa a hawa na biyu a Lungun Masu Turare, cikin tsohuwar Dhaka. Da dare kuwa shi ne Damisar Dare. Abin ya samo asali ne ranar da aka fizge wa wata maƙwabciyarsu jaka a bakin lungu, maza na leƙe ta taga, har da shi. Kwana uku bai yi barcin kirki ba. A na huɗu ya je wajen tela, ya ce kayan wasan yara yake so, amma yaron ƙato ne.

Ya kasa kunne a ƙofar ɗakin Ammu, mahaifiyar tasa. Shiru, fitila a kashe. Ya sauka matakala da takalma a hannu.

Wata huɗu yana wannan sintiri, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Da ya ɓullo kwana, samarin da ke zaman banza a bakin shagon shayi sai su miƙe tsaye, su ɓoye sigari a baya. 'Yan caca su watse su bar karta a ƙasa. Babu mai iya haɗa ido da shi, kullum kallonsu can sama da kafaɗarsa yake wucewa. Tofazzal ya yanke cewa kwarjini ne, ya kuma yi mamakin yadda a gidan waya ba wanda ya taɓa lura da shi.

Ammu bai faɗa mata ba, gudun ya tayar mata da hankali. Tsufa ya soma kama ta. Sai ta yi barci har hantsi, ta tashi tana kukan gwiwa, ta zauna da jarida da jan biro tana gyara wa 'yan jarida kuskurensu.

"Wai akwai wani mai yawo da kayan damisa," ta ce wata safiya, tana tura masa gurasar ruti da shayi. "An ce har da tumbi."

"Mutane cewa suke jarumi ne, Ammu."

"To Allah ya sa jarumin yana kallon gabansa. Kwatar bayan masallaci a buɗe take."

Daren Alhamis ɗin nan ruwa bai jima da ɗaukewa ba. Yana isa bayan tsohuwar silima ya ji muryar mace tana cewa a sake ta. Shiuli ce, ma'aikaciyar jinya da ke dawowa daga asibiti. Mutum uku sun tare ta a jikin bango. Na tsakiyar Montu ne, wanda ya fito daga gidan yari makon jiya bayan shekara biyu. Bai taɓa jin labarin wata Damisa ba, kuma akwai wuƙa a hannunsa.

Tofazzal ya tsaya a cikin duhu. Numfashinsa ya rufe gilashin tabarau da tururi. Hanyar gida na nan a hagunsa, babu kowa a kanta, kuma ba wanda ya gan shi tukuna.

Ya taka ya shiga tsakaninsu.

Gurnanin da ya sha gwadawa a banɗaki ya fito kamar tarin akuya. "Ku... ku ƙyale ta."

Montu ya dube shi daga kunnuwan roba har zuwa takalmin ofis, ya fashe da dariya. "Kawu, ai bikin yara ya tashi tun magariba." Ya matso, ya ɗora tsinin wuƙar a kan zif, inda rigar ta fi matsewa. Tofazzal ya soma salati a zuci, amma bai ja da baya ba.

Sai idon Montu ya ɗaga sama kaɗan. Dariyar ta ɗauke. Wuƙar ta faɗi cikin taɓo. Su ukun suka kama kunnuwansu, suka durƙusa, suka miƙe, suka sake durƙusawa.

"Wallahi wasa muke yi," in ji Montu. "Ba za mu ƙara ba."

"Ya dai fi muku," in ji Tofazzal, da muryar da ta dawo masa a makare.

Shiuli ta gyara mayafinta, ta rusuna ta yi godiya tana kallon gefensa. Kunya, in ji zuciyarsa. Ya sa ta a gaba zuwa ƙofar gidansu, ƙirji a waje, ciki a matse iya ƙarfinsa.

Suna shan kwana, ƙaramin cikin ukun ya raɗa, "Ya tafi, mu tashi."

"Wa ke ta tasa?" in ji Montu, yana haki. "Ka ji ta ce a tashi?"

Daga inuwar rumfar da ke bayan inda Damisar ya tsaya, wata 'yar tsohuwa ta fito tana dogara lema. Malama Firoza ce, wadda ta shekara talatin tana shugabantar firamaren unguwar, ta kuma murɗe kunnen duk wani namijin da ya girma a lungunan nan.

"Sai kun kai ɗari, Montu, kuma ina jin ƙirgenku," ta ce, tana ɗingishi ta nufi kwanar. "Wanda ya kuskura ya gaya wa ɗana ina bin bayansa kuwa, gobe ya zo min da uwarsa."