Tsibirin da Ruwa Ke Rufewa

Ma'aikaciyar ofishin, mai suna Rana, ta shimfiɗa taswira a kan teburi, ta danne gefenta da kofin shayi saboda iskar na'urar sanyi. Shekararta ta uku ke nan a ofishin hayar jiragen shaƙatawa da ke bakin teku a Abhur, can ƙasar Makka, kuma shawararta ta zame mata kamar karatun Fatiha, ko barci take za ta iya kawo ta.

Matar da ke zaune gabanta ba irin masu zuwa ofishin ba ce. Sunanta Mansura, Bahaushiyar Sudan, mai dafa abincin biki a unguwar Bani Malik. Farin tobi ne a jikinta, lulluɓin matan Sudan, hannunta babu lalle, babu awarwaro. Hasken ofishin ma sai da ta ɗan runtse masa ido, kamar wadda ta daɗe ba ta leƙa waje ba.

Rana ta fara daga inda ta saba. A fara zaɓen lokaci kafin a zaɓi jirgi. A ɗauki kyaftin mai lasisi, wanda ya san inda duwatsun murjani suke a ƙarƙashin ruwa, don murjani ba ya jin magiya. A kawo iƙama, wato katin zaman ƙasa, da wuri, saboda masu tsaron gaɓa sai sun ga sunan duk wanda zai hau. A sha maganin jiri tun a tudu, kada a bari sai ciki ya juya. Ruwan sha kuwa, duk abin da mutum ya ƙiyasta, ya ninka.

Mansura tana gyaɗa kai. Ba ta tambayi yawan ɗakuna ba, ba ta kalli hoton gadon da ake ta yi wa talla ba, ba ta nemi ragi ba. Wannan na ƙarshen ya fi ba Rana mamaki, don ita a saninta ba a taɓa yin ɗan Bani Malik da ya ji farashi ya yi shiru ba.

"Ya khala," in ji Rana, wato inna, "da za ki ji tawa, ki bari sai sanyi ya shigo. Yanzu zafi ne, wallahi ko kifi ɓuya yake."

Mansura ta ɗora yatsa can kudu, wajen tsibiran da ke daura da garin Lis, kan wani ɗigo da ko suna ba a ba shi ba.

"Wannan fa, yana nan da sanyi?"

Rana ta ce a'a. Irin waɗannan yashi ne kawai. Da sanyi teku yakan ɗago, ya hau kansu, wani ya sake fitowa, wani kuma shi ke nan.

"To halas, magana ta ƙare. Yanzu za ni. Mijina Usuman yana can."

Rana ta yi murmushi. Ta san irin mazan nan, masu kafa tanti da ƙugiya su manta suna da gida. Ta ce ai Usuman ɗin ya yi sa'ar mata, tunda ita ce mai bin sa. Mansura ta miƙa iƙamarta, ta ce suna ɗaya za a rubuta.

Izinin masu tsaron gaɓa ya ɗauki lokaci. Iskar arewa ta taso, aka ɗaga tafiyar, ta sake tasowa, aka sake ɗagawa. Kullum Mansura sai ta kira, tambayarta ɗaya, ko ruwa ya fara hawa. Ba ta faɗa, ba ta roƙo. In aka ba ta amsa sai ta ce na gode, ta kashe.

Ranar da suka tashi, kyaftin Saleh, wani dattijo mai son hira, ya gwada ta ta kowace hanya. Ya nuna mata inda ake ninƙaya, ya nuna mata kifayen da ke tsalle a gaban jirgi, ya dafa mata shayi da na'ana'a. Ta riƙe kofin har ya huce. Abincin da aka cika firiji da shi kuwa, shi da injiniyansa suka yi ta fama da shi. Ita dai tana zaune a gaba, ba ta jin zafi, ba ta jin yunwa, ba ta jin komai.

Washegari da hantsi suka hango tsibirin. Bishiya ɗaya ce a kansa, gajeriya, da wani ƙarfe mai tsatsa a tsaye. Babu tanti, babu hayaƙi, babu kwalekwale. Saleh ya duba, ya sake dubawa, ya ce ko dai mutanen sun tashi. Ta ce a sauke ta.

Ya kai ta a ƙaramin kwalekwale. Ruwa ya riga ya cinye gefen yashin, saura abin da bai fi tsakar gida ba. Kusa da bishiyar akwai duwatsun murjani a jere, rabinsu ya nutse cikin yashi mai laima.

Saleh ya tsaya a kansu, ya girgiza kai yana 'yar dariya.

"Wasu sun yi sahun salla a nan, amma sun kuskure. Gabas suka kalla, irin na mutanen tsallaken teku. Daga nan ai Makka arewa take."

Mansura ta cire takalmanta, ta durƙusa, ta fara tono duwatsun da hannu tana mayar da su saman yashi. Ta san da kuskuren. Waɗanda suka tsallako tare da Usuman daga Sudan a ɓoye cikin jirgin ruwa da dare sun gaya mata, suna ba ta haƙuri, cewa ba su san inda suke ba ranar da suka binne shi, sai suka juya fuskarsa gabas kamar yadda ake yi a gida.