Kwamfutar Baba Pyo

"Baba, wannan katin sarrafa hoton ya yi maka yawa," in ji Hye-rim, mai shagon kayan kwamfuta a kasuwar Yongsan. "Ko fim za ka haɗa?"

"Sa shi a kwamfutar," in ji Baba Pyo, tsohon mai ɗaukar hoto. "Ki ƙara ƙwaƙwalwa, da sikirin da ba ya ƙaryar launi. Fanka kuma mai ƙara."

"Mai ƙara? Kowa marar ƙara yake nema!"

"Gidan ya yi shiru da yawa."

Ya buɗe jaka cike da hotunan matarsa da ta rasu bara, ya ce su zai gyara. Ga ta a bakin teku, ga ta tana haɗa kimchi, kabejin nan mai yaji.

"Ai lafiyarsu ƙalau, Baba. Me za ka gyara?"

"Duba da kyau, 'yata."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A kowanne, matar ita kaɗai ce.

"Kullum sai ta ce in ba wani kyamarar ya ɗauke mu tare, ni kuma in ce zai ɓata hoton." Ya shafa gefen matar a wani hoto, inda babu kowa. "Nan zan sa kaina."