Jingina Ba Sayarwa Ba Ce

Tun da ka ce a wurinka sayarwa da jingina duk ɗaya ne, in dai fili ya bar hannun mai shi, to gyara zama ka ji abin da ya sami wata mai ginin tukwane.

Ubanta yana da gona a bakin fadama, kuma a ƙarshen gonar akwai ramin yumɓu, ja, mai danƙo, babu tsakuwa ko ɗaya. Tana yarinya aka yi shekarar fari, sai ta ga gonar ta koma hannun wani maƙwabcinsu. Da ta tambayi uwarta, uwar ta ce, "Gona ta tafi." Yarinya ta ɗauka sayarwa aka yi, abin da aka sayar kuwa ai ya tafi ke nan. Iyaye suka rasu, ta girma, ta gaji sana'ar uwarta, amma yumɓu sai ta je wani kududdufi can bayan gari, ta haƙo mai yashi, ta ɗoro a ka. In ta gina randuna, wajen gashi rabi su fashe. Don baƙin ciki ko hanyar gonar ba ta bi, gara ta zagaya. Ana nan har furfura ta fito mata, gwiwa ta fara ciwo, ta soma tunanin ajiye sana'ar, alhali ita ce cinta, ita ce shanta.

Rannan ta kai wa maƙwabcin nan tulu, ta tarar da zaure cike da mutane. Gari ya matso, fili ya yi daraja, ɗan maƙwabcin ya kawo dillali da mai saye. Har an ajiye kafin alƙalami a kan tabarma, wato ɗan abin da ake fara bayarwa don a kama ciniki. Dillali sai lashe baki yake yi, ya hango la'adarsa tun kafin a dafa ta. Jira kawai ake yi mai gida ya ce ya sallama. Shi kuwa tsufa da ciwo sun kwantar da shi, amma ya sa sandarsa ya ture kuɗin. Ya ce, "Albarka. Ba na sayar da abin da ba nawa ba. Wannan gona jingina ce. Gero na ba mai ita a shekarar fari, a kan duk ranar da aka maido mini gerona, gona ta koma gidansu. Ba ku lura ko bishiya ɗaya ban dasa a cikinta ba? Ga 'yarsa nan tsaye, Allah ya kawo ta."

Tulu ya kusa suɓuce mata. Ashe gona tana nan da ranta! Ashe shi tsohon ya zaci ta sani, hali ne ba ta da shi, kunya ta hana shi tuna mata wahalar ubanta. Ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. Wannan ya yi kawaici, waccan ta yi kawaici, shekaru suka yi ta wucewa abinsu. Ta dubi fuskar ɗan, ta ga ya haɗe rai. Ta saurari numfashin tsohon, ta gane in ya cika kafin a yi fansa, maganar ta bi shi kabari. Nan fa ake yin ta! Matar da ta shigo tana ɗingishi ta fita a guje, ta manta tana da gwiwa. Ta kwance awakinta ta kai wa mahauci. Ta fito da tukwanen da ta tara don ranar kasuwa, ta karya musu farashi, mata suka yi wawaso. Ta bi dangi gida gida, wannan ya ba ta tiya, wancan ƙwarya. Ta kira liman da mai unguwa, ta sa aka ɗauko tsoho ɗaya da ya rage cikin shaidun farko, a kan jaki aka kawo shi yana mita. Kafin rana ta faɗi gero ya taru a ƙofar zaure. Aka auna a gaban kowa, mai gida ya ce ya karɓa, shaidu suka ce sun gani, aka shafa fatiha. Mai saye ya kwashe kuɗinsa, dillali ya fita yana tsaki, ita kuwa da kanta ta rangaɗa guɗa, ba ta jira wani ya yi mata ba.

Daga nan ba ta bi ta gida ba, gonar ta nufa. Ta durƙusa a bakin ramin, ta cusa hannu, ta ciro yumɓu ta murza. Yana nan da danƙonsa, har ya fi da, don ba wanda ya taɓa shi. Ta yi ta dariya ita kaɗai har da hawaye. Can ta ɗaga kai, sai ta hango rufin ɗakinta, kusa, in ka yi kira daga nan a ji ka a tsakar gida. A nan dariyar ta tsaya mata. Ƙarfin ƙuruciyarta duk ya ƙare wajen ɗauko yumɓun banza daga nesa, ga nata a bayan ɗaki, kalma ɗaya ce ta raba su. Ta ci gajiyar yumɓun, ban hana ba, randunanta sun daina fashewa. Amma da hannuwan da suka riga suka fara rawa ta gina su, kuma wallahi abin yana ba ni haushi duk lokacin da na tuna.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.