Tukunyar Hajiya

Ina 'yar shekara tara kakata, Hajiya, ta sauka gidanmu na Gubaira a Riyad bayan Umra. Firij ɗinmu ya lalace, kunun zaki ya yi tsami. Da la'asar ta buɗe robar kunun, ta shinshina, ta miƙo mini.

"Zubar da shi, takwara. Gobe war haka ya zama giya."

Na ce, "Hajiya, ina kika san giya?"

"Shekara ashirin ina dafa burkutu a ƙauye kafin na musulunta. Wajen uwata na gada. Har daga nesa ake zuwa neman tukunyata."

Robar ta suɓuce mini. Bakin da ya koya mini Fatiha ke faɗin haka.

Har yau abin da ke girgiza ni shi ne murmushin da ya kufce mata da ta ce "tukunyata".