Kabarin Lauya Pruitt

Ranar da muka raka gawar Lauya Pruitt, ban ji komai a raina ba. Farar fata ne mai fara'a, shugaban kwamitin maƙabartar garinmu a jihar Jojiya ta Amurka. Shingen waya ya raba maƙabartar biyu: su a gaba, mu baƙaƙe a baya cikin ciyawa, inda matata Lorene take kwance.

Duk shekara sai ya dafa kafaɗata. "Mista Otis, a zama na gaba shingen nan zai faɗi."

"Lauya, ko kaza ba ta daɗe haka a kan ƙwai," nake ce masa. Kyan alkawari cikawa. Kwamiti ya ƙi, shi kuma ya ja bakinsa, har ciwo ya cinye shi.

Muna isa sai ga shingen a ƙasa, 'yan kwamiti sun yi cirko-cirko.

'Yarsa Carol ta matso kusa da ni. "Mista Otis, da sandarsa ya lallaɓo ya zaɓi wurin nan. Rabi nan, rabi can. Ba yadda za a haƙa sai an tumɓuke shingen."

Aka saukar da akwatin. Kansa yana ɓangarenmu.